Iyo a Kan Bencin Lakwal

Bana ruwan sama ya yi mana yawa har abin ya fara zama rashin kunya. Ƙoramar da ke tsakaninmu da Garhanga ta yanke hanya, motocin kasuwa suna jere can ƙetare, direbobi suna dafa shayi suna zagin gadar da aka yi mana alkawari tun haƙorana suna nan duka. Tsoho ba shi da wurin zuwa a irin wannan rana. Shi ya sa ni da yayana Arzika muka zauna a zaure gaban telen da ɗana ya aiko daga Yamai, mai aiki da hasken rana, muna kallon duk abin da ta ga damar nuna mana.

Ranar sai ta nuna mana gasar iyo ta ƙasa. Samari masu faɗin kafaɗa, kowa da hular roba a kai, suna faɗawa cikin tabkin siminti mai ruwa shuɗi kamar an zuba masa bula. Mai gabatarwa, cikin Faransanci mai santsi irin na wanda bai taɓa kwana da yunwa ba, ya ce gasar tana da dogon tarihi mai daraja, wai tun farkonta take haɗa kan ƴaƴan ƙasa daga kowane lungu.

Kunnen Arzika ya yi nauyi, Faransancinsa kuma bai taɓa wuce gaisuwa ba. Ya zunguro ni da sanda.

"Mushe, mi yac ce?"

Mushe, wato malam a bakin masu Faransanci. Haka yake kirana tun ranar da na fara koyarwa, kuma bai taɓa faɗinsa don girmamawa ba.

"Ya ce kana cikin tarihi, Yaya."

"To su aiko da goro."

Na koyar da tarihi har na yi ritaya, na san yadda ake yin sa. Ana sheƙe shi ne kamar hatsi, a kai tsabar cikin littafi, a bar wa awaki sauran. Mu mutanen wannan gari muna cikin abin da aka bar wa awaki. Ga rabonmu na tarihin gasar iyo, tun da mai Faransancin bai samu lokacin ambatonsa ba.

Shekarar da muka ci anza ce. Wanda bai san anza ba Allah ya bar shi cikin rashin sani: ƴaƴan wani ƙaramin icce ne da ko akuya takan yi tunani kafin ta kusance shi, ɗacinsa kuma ba ya fita sai an jiƙa, an zubar da ruwan, an sake jiƙawa, an sake zubarwa. Abincin da ke cin ruwa kenan a shekarar da ruwa ya fi abincin wuya. Daminar da ta gabata ba ta bar mana abin kirki ba, rumbuna sun yi shiru tun kafin zafi ya kama. Da bazara ta zo, duwatsun ƙasarmu ta Adar suka zama kamar kaskon suya. Da hantsi ba ka iya taka su ko da takalmin taya. Iska tana fitowa daga gabas kamar daga bakin maƙera, ta busar da miyau a baki, ta sa jakai su tsaya su sunkuyar da kai kamar masu jin wa'azi.

Yini a gidanmu yana da tsari, yunwa ma tana da nata. Da asuba Rabi, matar Arzika, ta ɗauki tulu ta bi layi a rijiya. Ruwan ya ja baya har sai an jira ya tsattsafo, a jawo guga da rabin ƙwarya na ruwa mai launin kunu. Da ta dawo, Innarmu ta canja wa anza ruwa, ruwan ɗacin kuma ba a zubarwa a banza, da shi ake wanke ƙafa. Da rana ta take sai a dama fura, in dai sunan ya halatta ga abin da kake hango fuskarka a ciki. Da la'asar a dafa ganyen jiga da ɗan gishiri. Bayan haka kowa ya zauna ya fuskanci gabas, ba don salla kaɗai ba.

Shamuwa ta zo a kan lokacinta, ta sauka a kan gawo, ta dube mu, mu ma muka dube ta. Sai aka yi wani ruwa na yaudara, wanda ya jiƙa fuskar ƙasa kawai. Gari duka ya fita shibka. Hatsi ya tsiro kore shar, muka yi ta yi wa juna barka, rana ta bi shi layi layi ta ƙone. Gidaje da yawa irinsu ya ƙare a nan. Inna kuwa, da yake ba ta taɓa yarda da kowa ba, har da hadari, ta raba irinmu biyu tun farko. Rabin na biyu yana cikin wani tulu da ta liƙe bakinsa da yumɓu ta tura ƙarƙashin gadonta. Muna cin anza a ɗakin da hatsi yake kwance, kuma babu wanda ya isa ya kalli wajen sau biyu. Wannan tulu shi ne shekararmu mai zuwa gaba ɗaya. In ya shiga ƙasa a ranar da ta dace, mun rayu. In ya kuskure, babu na uku.

Dole in yi wa ƴan birni bayani a nan. Gonarmu rairayi ce a kan tudu, can ƙetaren ƙorama. Rairayi ba ya riƙe danshi. In an yi ruwan kirki, kana da wannan yini da ɗan abin da ya biyo baya, shi ke nan. Namiji yana gaba da sungumi yana sara ramuka, mata suna biye suna jefa iri suna rufewa da dunduniya. Ba a kiran gayya ranar shibka, domin kowa yana tsere da rana a tasa gonar. Mahaifinmu ya rasu. Ni hannuna alli ya sani. Sungumin gidanmu Arzika ne, yana iya sara daga fitowar rana har faɗuwarta bai miƙe baya ba.

Yana da wata sana'ar kuma. Ƙoramarmu busasshiya ce shekara duka, amma in aka yi ruwa a kan duwatsu sai ta taso da jan ruwa mai ruri, ɗauke da kututture da mushen dabbobi. Arzika ne mai ƙetarar da mutane. Yakan tuɓe ya ɗaure tufafinsa a ka, ya dafe kayan mutum da hannu ɗaya, ya shiga daga sama ya bar ruwa ya karkato da shi zuwa wancan gaɓar, mai kaya yana riƙe da ƙugunsa yana kiran sunayen waliyyai. Ya iya, ban hana shi ba. Amma kuma babu wanda ya kai shi sanin cewa ya iya.

A cikin wannan hali ne farar mota ta tsaya a ƙofar Maigari. Wani mutum ya fito da gajeren wando da dogayen safa, da usur rataye a wuya. Ansifekta ne na wasanni, an turo shi ya zagaya ƙasar Kaita da Buza da Madawa. Sunansa na yanka ya ɓace mana tun ranar, Mai Usur muka san shi. Hausarsa ta kasuwa ce, kuma yana ganin ta yi ƙanƙanta ga maganar hukuma, don haka aka kira ni tafinta.

"Ka gaya musu," in ji shi, "ƙasa tana bukatar masu iyo. Za a yi gasa a Yamai, kowane yanki zai kawo gwaninsa."

Na gaya musu. Aka yi shiru irin wanda ake yi in baƙo ya saki iska a masallaci. Can wani tsoho ya gyara zama.

"Mushe, tambaye shi, ya zaka da ruwan ne, ko mu za mu kawo?"

Na tausasa tambayar kafin in miƙa ta. Bai ji komai ba. Ya buɗe wani littafi mai hotuna da aka buga a ƙasar Turawa, ya ɗaga shi sama kamar mai nuna wata. A can, in ji shi, yara suna koyon iyo a kan benci kafin su ga ruwa. Hannu da ƙafa su ne ilimin. Ruwa mataki ne na ƙarshe, kuma mutanen da ba su waye ba ne kawai suke farawa da shi. Daga baya direbansa ya shaida mana, yana shan furarmu yana yatsina fuska, cewa maigidan nasa bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba.

Lokacin hutu ne, lakwal, wato makarantar boko, a rufe. Aka sa aka kwaso bencinan ajina, aka jera su a tsakiyar busasshiyar ƙorama, domin Mai Usur ya ce ya kamata jiki ya saba da wurin. Labari ya bazu cewa akwai burodi da sardin ga duk wanda ya shiga gwaji. Ranar da aka sa, maza suka zo a ƙasa tun daga Allakai da Tabotaki, mutanen da wasunsu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na kwatarniya zurfi ba. Da an ce gasar tashi sama ce, da sun zo.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma na yi shekaru ina halartar tarurrukan malamai. Magidanta masu gemu, an tuɓe musu riguna, haƙarƙarinsu a fili kamar sandunan darni, kowa ya kwanta rub da ciki a kan bencin da ɗansa ke zama. Mai Usur ya hura, ya ƙirga da Faransanci, ni kuma ina fassarawa: a miƙa hannu, a buɗe, a tanƙwashe ƙafa, a harba. Sunan salon ya gagare ni, na ce musu iyon kwaɗo. Rairayi yana ƙuna a ƙarƙashinsu, gumi yana ɗiga yana bushewa kafin ya taɓa ƙasa. Mata da suka dawo daga rijiya da tulunan da ba su cika ba suka tsaya a gaɓa. Ba su yi dariya ba, dariya tana son ƙarfi. Wata kawai ta ce wa mijinta, "Harba da kyau, Malam, kada ka nutse ka bar ni da ɗiya."

Wani ɗan Tabotaki yunwa da rana suka haɗu a kansa, ya sulale daga benci ya faɗi a rairayi. Mai Usur ya dube shi ya ce in sanar da jama'a cewa wannan ya nutse, ya fita daga gwaji. Ya dai samu burodinsa.

Arzika ya fi kowa muni a kan benci. Ƙafafunsa sun ƙi yin kwaɗo, hannunsa na hagu kuma sai ya riƙa komawa bisa kansa da kansa. Amma Maigari ya rantse cewa shi kaɗai ne a wurin da ya taɓa jiƙa gashin kansa a ruwa mai gudu, kuma Maigari yana son farar motar nan ta tafi da daɗin rai, domin ana maganar hatsin taimako, garin da ya ɓata wa hukuma rai kuwa hanya takan manta da shi. Mai Usur ya yi tsaki ya karɓe shi. Za a tara gwanayen yankuna a Tawa a ƙara musu horo, sannan Yamai. Shinkafa da nama safe da yamma. Riga da wando masu ratsi. Bencina kuma a bar su inda suke, matasa su ci gaba da atisaye.

Arzika ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ranar ta zauna a bakin ɗakinta tana tsince anza, ba ta ɗago ba.

"Kai wanga, ruwa na tahe."

"Inna, tun yaushe kike hwaɗin haka?"

"Tururuwa na kwashe ƙwai. Gwiwata ta hwaɗa mini. Iska ta juya tun jiya, kai ba ka ji ba, kana bisa benci."

"Ba daɗewa za ni yi ba. Kuma in nat tahi baki guda ya ragu, Rabi ta ci rabona."

"Baki guda ya ragu. Hannu biyu sun ragu. Wa za ya sara?"

"Ga Mushe."

Dukansu suka juyo suka kalli hannuwana, har Rabi. Ban ji daɗin kallon ba, amma ban ga inda zan ɗaukaka ƙara ba.

Hujjar baki guda tana da kyau, sai dai ba ita ta sa shi a mota ba. Na ga idonsa sa'ad da aka ambaci Yamai da riga mai ratsi. Ya hau bayan kamyo, babbar motar da aka turo, yana ɗaga wa gari hannu kamar mai tafiya Makka.

Kashegari da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta fara zuwa da jan ƙasa, ta kwashe zana, ta kifar da tukwane, kaji suka ruɗe. Sai wannan ƙamshi, wanda duk ɗan Adar zai gane ko a kabari, ƙamshin ƙasa da ta ji ruwa daga nesa. Sannan ya sauko. Ba yayyafi ba, ba yaudara ba, ruwa kamar ana juye shi da masaki. Yara suka fita tsirara suna ihu, tsofaffi suna kuka ba su ɓoye ba. Muka jera duk abin da ke da baki a ƙarƙashin indararo. Inna ta shiga ɗaki ta jawo tulunta, ta fasa yumɓun da tabarya, ta zuba hannu cikin irin har wuyan hannu, ta daɗe a haka.

Kafin magariba muka ji rurin ƙorama. Muka je gaɓa muka tarar da ita cike, ja wur, tana tafe da itatuwa. A kan idonmu ta ɗaga bencinan lakwal ɗaya bayan ɗaya, suka juya, suka miƙe, suka bi ruwa cikin natsuwa da salo mai kyau. A duk waɗanda suka shiga gwajin Mai Usur, su kaɗai ne suka yi iyo a ƙasar Kaita a shekarar.

Da gari ya waye muka fito da iri da sungumi. Ruwa bai janye ba. An yi shi sosai a kan duwatsu, ƙorama tana ta karɓa. Ga gonarmu can a kan tudu, muna ganinta, ta yi duhu da danshi, tana jira. Ga mu nan, mu da duk masu gona a ƙetare, tsaye a gaɓa kamar masu rakiyar gawa. Mutum ɗaya ne a garin da zai iya kai mu, ƙasa kuma ta aro shi don ya je ya yi iyo.

Wani saurayi ya gwada, ruwa ya nannaɗe shi ya jefar a gindin wata aduwa, da ƙyar aka jawo shi da rawani. Bayan haka babu wanda ya sake. Rana ta fito wankakkiya, mai kaifi, irin ta bayan ruwa. Muna kallo tudu ya fara canja launi daga sama, duhun yana komawa fari a hankali kamar tuwo yana yin ɓawo. Inna tana tsaye da ƙwaryar iri a ka. An ce ta zauna, ta ƙi. Haka ta tsaya tun safe har rana ta karkata.

Sai bayan azahar ruwa ya sauko zuwa ƙugu. Muka kama hannun juna muka ratsa a jere, iri a ka. Na kama sungumi. Zan taƙaita, domin ba abin alfahari ba ne kuma ba abin kunya ba: na sara iyakar ƙarfin mai cin anza da ya yi rayuwarsa a gaban allo. Kafin la'asar tafin hannuna ya yi ƙuraje, kafin magariba sun fashe, ƙotar tana santsi. Inna tana bayana tana jefa iri tana bita.

"Mushe, layin ga naka ina za shi? Buza?"

Kashegari muka koma tun duhu bai gama washewa ba. Rabi ta karɓi sungumi in na faɗi, in karɓa in ta faɗi. Da rana ta take, Inna ta durƙusa ta tura yatsa cikin ramin da na sara, ta fito da shi a bushe. Ta matsa gaba ta sake. Ta miƙe ta rufe ƙwarya da faifai.

"Ya isa. Ba ni ba tururuwa sadaka."

Ba mu kai rabin gona ba. Da Arzika yana nan, da mun ƙetare tun sassafe a ranar farko, da ya gama ta kafin danshi ya gudu. Sauran irin ya jira ruwa na gaba, ruwa na gaba kuma ya yi nawa.

Gwaninmu ya dawo hatsin farko ya kai gwiwa. Ya yi kumatu. Yana sanye da riga mai ratsi, da wata lambar ƙarfe mai nauyi rataye a wuya da ƙyalle. Gari ya taru a ƙofar gidanmu, ya ba da labari, kuma har yau bai canja ko kalma ɗaya ba.

An kai su wani tabkin siminti a gidan baƙi na manya, in ji shi, ruwan yana warin maganin wanki, kana ganin ƙasansa, ba ya motsi ko kaɗan. An ja igiyoyi a kansa. Aka ba shi wani ɗan bante na roba, aka ce ya bar tufafinsa a wani ɗaki.

"Nac ce in bar riga sabuwa cikin mutanen da ban sani ba? Nan naɗe ta nad ɗaure bisa kai."

Aka jera su a baki, aka hura usur, sauran suka faɗa da ka.

"Da ka, jama'a! Ruwan da ba ka san mi ke ciki ba! Ni naz zauna, nas sa ƙahwa, naj ji babu kututture, sannan nash shiga."

Ya dafe kayansa da hagu, ya karkata kamar yadda ya saba, ya ratsa igiyar farko, ya ratsa ta biyu, ya ci karo da wani ɗan Yamai da ya riga ya juyo, ya ba shi haƙuri, ya wuce. Ya kama gaɓar da ta fi kusa ya fito. Rigarsa ko ɗigo ba ta sha ba. Ya tsaya yana jiran tafi.

"Sai ga Mai Usur yana tsalle yana zagi. Wai ta tsawo aka so. Ku ji hwa! Wa ka ƙetare ruwa ta tsawonsa? Kuma wai in ka kai sai ka komo inda kat taso. To mi ya kai ka?"

Jama'a suka yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin mu mutane ne masu hankali, irin hankalin da ke tura sungumin gida gasar iyo ranar shibka. Lambar kuwa ta halarta ce, an ba duk wanda ya zo daga nesa. Mai Usur ya kai rahoto cewa mutanen Adar ba su da ladabin wasa, na ji daga baya an ƙara masa girma. Ni kuma na yi shekaru ina koyar da yara a kan tabarma.

Inna ta saurari labarin duka daga bakin ɗakinta. Da aka watse ta miƙa hannu, ya cire lambar ya ba ta da murmushi. Ta auna nauyinta a tafin hannu.

"Sannu da aiki, Sarkin Ruwa."

Matar da ta yi shekaru ba ta da sunan da za ta kira ɗanta, ranar ta samu. Da shi ta kira shi har ta koma ga Allah, kuma ko sau ɗaya bai ji daɗinsa ba.

Damina ta ɗauke da wuri. Abin da muka shibka a kwana biyun nan ya yi zangarniya, karkatattun layukana da komai. Na baya ya yi tsawo, ya yi kyau a ido, ya fitar da kai babu ƙwaya, muka yanka wa dabbobin da ba mu da su kuma, domin awakin Inna sun tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Dammunan da muka ɗaure ba su rufe ƙasan rumbu ba. Tun kafin sanyi ya wuce muka koma wa anza, Arzika ya tafi cin rani kudu, bai dawo ba sai da ɗansa na fari ya fara rarrafe. Ba mu mutu ba. Wannan shi ne iyakar yabon da zan yi wa shekarar.

Lambar kuwa Inna ta samar mata aiki. Gugarmu ta ƙwarya ce, in ruwa ya yi ƙasa sai ta yi ta yawo a kai ta ƙi kifewa. Inna ta ɗaure lambar a bakinta da igiyar kaba. Daga ranar guga tana taɓa ruwa sai ta sunkuya ta sha. Matan unguwa har aronta suke yi. Ban san wata lambar wasa da ta yi wa jama'a hidima kamar wannan ba. Wata bazara igiya ta tsinke, guga da lamba suka tafi ƙasa, aka yi ta jefa ƙugiya ba a same su ba.

Yanzu akwai famfo mai hasken rana a bakin kasuwa, an rufe tsohuwar rijiya da faifan siminti. Yara suna duba waya su gaya maka ranar da ruwa zai zo, wani lokaci ma har ya zo. Ƙorama dai tana nan yadda take, samari suna ɗaga babura a ka suna ƙetarar da su.

A tele an sake jera wasu, an hura usur, sun faɗa da ka. Arzika ya matso da fuskarsa kusa da gilashin, yana bin su da ido suna zuwa suna komowa.

"Har yau ba su gane ba. Ga gaɓa nan kusa." Ya saurari ruwan da ke dukan kwanon zaure. "Mushe, su waɗanga yara ba su da gona?"

Na ce ban sani ba, mai Faransancin bai faɗa ba. Yana can yana lissafa gwanayen da suka kafa bajinta tun farkon gasa, babu ko ɗan Adar guda a ciki. Wannan ma kuskure ne na masu sheƙe tarihi. Wakiliyarmu tana ƙasan rijiya a bayan gidan Maigari, ta shiga ruwa tun ina saurayi, har yau ba ta fito shan iska ba. In suna son su rubuta, su zo da igiya.